Tayar ranfilat ko ta gama-gari: amsa ga mai bin hanyar Kaduna zuwa Abuja

Salamu alaikum. Alhaji, ka ce kana da Camry ta 2012 shigowar Amurka, kana yawan bin hanyar Kaduna zuwa Abuja, wani lokaci dare yana riskarka a hanya. Tayoyinka sun cinye, shi ne kake tambaya ko ka sauya su duka huɗu da ranfilat, irin wadda ke zuwa da BMW, wadda ko ta yi faci mota za ta ci gaba da tafiya.

Abin da ya sa ka wannan tunani ba abin raini ba ne. Duk wanda ya san irin wahalar da matafiya suka sha a tsakanin Katari da Rijana ba zai so ya tsinci kansa durƙushe a bakin titi da tsakar dare yana kwance noti da fitilar waya ba, balle in da iyali a cikin mota. Don haka ga amsata tun farko: ranfilat za ta iya hawa motarka, kuma a daidai wannan matsala da kake tsoro ta fi ta gama-gari nesa ba kusa ba. Amma ba zan ce ka saya ba sai na'urar gargaɗin iska ta motarka tana aiki, kuma ko ka saya, safaya ba za ta bar but ɗinka ba.

Tayar gama-gari iska ce ke ɗauke da mota, robar tana riƙe iskar ne kawai. Da zarar iska ta fita sai gefen tayar ya kwanta kamar buhun da aka zazzage, wili ya hau kansa yana niƙa shi. Tafiya kaɗan a haka ta isa ta kashe tayar gaba ɗaya, wani lokaci har da wilin. Ita kuwa ranfilat an ƙara wa gefenta kaurin roba mai tauri, mai jure zafi, ta yadda ko babu iska ko kaɗan gefen zai ɗauki nauyin motar na ɗan lokaci. Ƙa'idar da yawancin kamfanoni suke bayarwa ita ce kilomita 80, a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. In an laftawa mota kaya da mutane, ko ana tsananin zafi irin na watan Afrilu da kwalta ke turiri, nisan yana raguwa, domin zafin da gefen tayar ke tarawa yayin da yake lanƙwasa shi ne ke cinye ta.

Kilomita 80 kusan nisan Kaduna zuwa Zariya ke nan. A hanyarka, duk inda ƙusa ta same ka za ka iya kai wa gari mai haske da jama'a ba tare da ka buɗe ƙofa ba. Wannan shi ne abin da kake biya wa kuɗi: kai ne za ka zaɓi wurin tsayawa. Haka kuma in iska ta fita farat ɗaya kana cikin gudu, ranfilat ba ta fizgar sitiyari kamar yadda ta gama-gari ke yi in ta yi bindiga, domin motar ba ta zube gefe ɗaya. A waɗannan wurare biyu ba ni da abin da zan kare tayar gama-gari da shi.

Sai dai tayoyinmu ba ƙusa kaɗai ke kashe su ba, rami ya fi kashe su. A nan lissafin yake juyawa. Tayar gama-gari, musamman mai tsayin gefe irin 205/65R16 da ke zuwa da Camry LE, tana lotsawa ta shanye dukan rami. Ranfilat gefenta ba ya lotsawa sosai, don haka dukan yana wucewa kai tsaye zuwa wili da shokozoba da bushin. Shi ya sa za ka ji masu BMW suna kukan wili ya lanƙwashe ko ya tsage, ko tayar ta yi kumburi a gefe alhali zanenta bai ko fara cinyewa ba. In kuwa bakin rami ko guntun ƙarfe ya yage gefen tayar sosai, to abin da aka dogara da shi ne ya lalace, wannan kilomita 80 ɗin babu tabbacinsa kuma. Motocin da aka ƙera don ranfilat, kamar BMW 3 Series daga 2005, an daidaita ƙafafunsu da taurin tayar tun daga masana'anta, an kuma yi wa wilinsu wani tudu na musamman da ke hana bakin tayar zamewa in babu iska. Camry ba a yi mata wannan ba. Za ka ji bambancin a kujera: ƙananan gargada da da ba ka ji, yanzu za ka ji su, ga ƙarin ƙara, ga tayar ta fi nauyi.

Kada kuma a haɗa ta da abin da ke cikin motocin sulke na manyan mutane. Su wani zobe ne mai ƙarfi ake ɗaurawa a jikin wili a cikin tayar, wanda motar ke takawa ko da robar ta yayyage. Wannan wani abu ne daban da abin da za a sayar maka a shago.

Yanzu batun na'urar gargaɗi, wanda a wurina shi ne zai yanke hukunci. Tayar gama-gari in ta sace kowa zai gani, mai babur ma zai nuna maka da hannu. Ranfilat in ta sace tsaye take, da ido ba za ka gane ba, a kan miƙaƙƙen titi ma ba lallai ka ji a sitiyari ba. Mutum zai iya ci gaba da gudun 120 a kan tayar da babu iska a cikinta har ta yi zafi ta tarwatse, wanda ya fi facin farko muni. Saboda haka duk kamfanin da ke yin ta ya ce ba a sa ta a motar da ba ta da na'urar da ke lura da iskar taya, wadda ake rubutawa TPMS. Dokar Amurka ta wajabta wannan na'ura a sababbin ƙananan motoci tun watan Satumba na 2007, Tarayyar Turai kuma tun Nuwamba 2014, don haka motarka ta zo da ita. Tambayar ita ce ko tana raye har yanzu. A cikin kowace taya, a gindin bawul, akwai ɗan firikwensin, wato abin da ke auna iskar tayar, mai batir, batirin kuma yana ƙarewa bayan wasu shekaru, galibi bai cika wuce 10 ba. Ga kuma masu faci da ke karya shi da ƙarfen banɓare taya, su sa bawul na roba su rufe, ba tare da sun faɗa wa mai mota ba.

Gobe da safe in ka kunna mota ka dubi allon gabanka. Akwai wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. In ta kama ta mutu, lafiya lau. In ta tsaya cak a kunne, wata taya iskarta ta yi ƙasa. In kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne, na'urar ce da kanta ta lalace. Motoci da yawa a garuruwanmu haka suke yawo da wannan fitila shekara da shekaru, wasu ma an cire musu ƙwan don kada ya dami mai saye. In taka haka take, kuɗin firikwensin huɗu da na saita su da kwamfuta ya shiga cikin kuɗin tayoyin, kuma shi za ka fara biya.

To ka isa gari lafiya, sai me? A nan tayar gama-gari take rama abin da ta rasa a kan hanya. Kowane mai faci a kowace mararraba zai cire ƙusar, ya cusa igiyar faci ko ya liƙa daga ciki, ya ba ta iska, ka biya kuɗi kaɗan ka wuce. In ta mutu gaba ɗaya, girman tayar Camry babu kasuwar da ba za ka samu ba. Ranfilat kuwa bakinta yana da taurin da sai da injin cire taya ake fitar da ita cikin aminci. Ka dubi yadda mai facin bakin hanya yake aiki: ya kwantar da wili a ƙasa, ya taka gefen tayar da ƙafa, ya sa ƙarfe biyu yana banɓara, in ta ƙi ya ɗauko guduma. Da ranfilat, kafin ta fita an kankare bakin wili, an karya firikwensin, wataƙila an ji wa bakin tayar rauni. Ba laifinsa ba ne, kayan aikinsa ba na wannan tayar ba ne.

Ko an cire ta lafiya, sai an leƙa cikinta. In an yi tafiya da ita babu iska, sau da yawa za ka ga baƙin garin roba ya taru a ciki, fatar cikin ta yi yamushi a daidai gefe. Wannan tayar ta gama aiki ko da waje tana sheƙi. Wasu kamfanonin ma cewa suka yi kada a yi mata faci sam, wasu suka yarda bisa sharuɗɗa, in hujin a kan zane yake kuma ba a wuce ƙa'idar nisa da gudu ba. Ma'ana ƙusar da za ta ci maka kuɗin faci a tayar gama-gari tana iya cin kuɗin sabuwar taya a ranfilat, ga ta kuma dama ta fi tsada tun a saye.

Sannan ina za ka samo sabuwar? Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙira a Legas a 2008, ’yan kasuwa kuma abin da ke tafiya suke shigowa da shi. A Abuja da Legas, wurin manyan dillalai, za a iya samun ranfilat, mafi yawa girman BMW da Mercedes. A ƙaramin gari kuwa sai dai ka ajiye mota ka aika a nemo. Shi ya sa na ce safaya ta zauna. Masu BMW ba su da zaɓi domin yawancin motocin babu ma ramin safaya a but. Kai kana da shi, kuma wannan gata ne. In ƙaramar safayar nan ce siririya, iskarta 60 take so a geji, ita ma ba a wuce gudun 80 da ita, kuma ka riƙa duba ta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da zan roƙe ka da babbar murya shi ne kada ka sayi ranfilat ta gwanjo. Tayar Beljiyam ta gama-gari ma kasada ce, amma ita aƙalla lahaninta yakan nuna. Ranfilat kuwa wataƙila dalilin da ya sa aka cire ta a can shi ne an riga an ci kilomita 80 ɗinta. Ka biya kuɗin kariyar da wani ya riga ya yi amfani da ita, ba za ka sani ba sai daren da kake bukatarta. In sabuwa ce, ka duba alamar da ke gefenta, domin mai shago zai iya kiran kowace taya mai tauri ranfilat: Bridgestone RFT take rubutawa, Michelin ZP, Continental SSR, Goodyear ROF, Dunlop DSST. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2323 na nufin mako na 23 a 2023. Tayar da ba ta da kasuwa tana daɗewa a shago, don haka wannan dubawar ta fi muhimmanci a nan. Bridgestone tana da samfurin DriveGuard da aka yi musamman don motocin da ba su zo da ranfilat ba, gefensa ya ɗan fi laushi. In ka same shi a girmanka shi ya fi dacewa da Camry. Kuma huɗun za ka sa gaba ɗaya, ba a gauraya ta da ta gama-gari, musamman a ƙafa biyu na layi ɗaya.

Da a ce cewa ka yi hanyar Kano zuwa Maiduguri kake bi, ko Sakkwato zuwa Yamai, da kai tsaye zan ce ka bar ta, domin kilomita 80 ba za ta kai ka inda ake sayar da irinta ba. Hanyarka gajeriya ce, kuma akwai babban birni a kowane ƙarshenta, don haka a wurinka maganar tana da ma'ana. In na'urar gargaɗinka na aiki, ka samu sababbi huɗu daga dillali amintacce, aljihu kuma zai ɗauki sauya taya guda ba shiri, ka sa, ka rage gudu a wuraren ramuka.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya gagara, sababbin tayoyin gama-gari masu kyau za ka saya, ragowar kuɗin ka gyara firikwensin, ka sayi ɗan famfon da ake jonawa a mota. Yawancin facin ƙusa a taya marar tub a hankali yake sacewa, ƙusar ce ma ke toshe hujin muddin ba a zare ta ba. Fitila za ta sanar da kai tun iskar ba ta yi nisa ba, ka ƙarasa wurin da hankalinka ya kwanta, ka ba ta iska minti kaɗan, ka ci gaba har gidan mai na gaba. Ba ta kai kariyar ranfilat ba in hujin babba ne, amma ta ɗauke maka mafi yawan tsayawar da kake gudu. Ka duba fitilar gobe, ka kuma karanto mana lambar da ke gefen tayarka, 16 ce ko 17, domin da ita za a san ko akwai ranfilat ɗin girmanka a kasuwa. Allah ya tsare hanya.