Albam na musamman don hotuna masu sa hannu: inda ya biya ni da inda ya gaza

Albam ɗin da zan yi magana a kansa ba irin wanda ake saya a kasuwa don hotunan biki ba ne. Bango ne mai kauri da zobe uku na ƙarfe a ciki, shafukansa kuma aljihuna ne na roba garai-garai da ake zura hoto ta sama, sannan yana da kwalinsa da ake tura shi ciki kamar wuƙa a kube. Oda na yi daga waje, kuɗinsa ya ninka na kasuwa nesa ba kusa ba. Ya ga hunturu a hannuna, ya ga bazara, ya ga damina, shi ya sa nake jin yanzu zan iya faɗin gaskiyarsa.

Yawancin abin da na tara hotunan 'yan ƙwallo ne, musamman 'yan Kano Pillars na shekarun da suka ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, sai na wasu 'yan fim. Hoto dai ana sake wanke shi. Sa hannu kuwa sau ɗaya ne, kuma a saman hoton yake kwance, shi ne abu na farko da yatsa da leda da haske suke taɓawa.

A da hotunan suna cikin albam mai leda mai taushi, mai warin sabuwar roba. Da na zo kwashe su, akwai wanda ledar ta kama shi gam. Na ɗaga a hankali, sai ga sunan ɗan wasan ya fito a jikin ledar raɗau, a hoton kuma saura inuwarsa. Ba tsautsayi ba ne, halin robar PVC ke nan. Ana zuba mata sinadarin da ke sa ta laushi, a kwana a tashi yana tsattsafowa, ya narkar da tawadar alƙalamin maka da aka sa hannun da shi ya janye ta, kuma zafin garinmu ƙara masa sauri yake. Albam mai shafi mai danƙo ma bai fi ba, gam ɗinsa yana rina bayan hoto, ya riƙe shi har sai ya yage.

A nan ne sabon ya biya ni. Shafukansa na robar da ake kira PP ne, mai lamba 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku da ake bugawa a jikin kayan roba (ta PVC lamba 3 ce). Ba ta da wari, ba ta da maiƙo. Bayan zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, na zaro hotunan ɗaya bayan ɗaya ina duba ledar a hasken taga. Ko ɗigon tawada ban gani ba, har a kan wanda aka sa wa hannu da maka mai ruwan azurfa, wadda ta fi kowace saurin mannewa. Na yi hamdala, domin dalilin sayen ke nan.

Abin da ya sa na yarda na biya tun farko shi ne rubutun da ke jikin kwalin, cewa kayan sun ci gwajin PAT. Gwaji ne da wata cibiyar binciken ɗorewar hotuna da ke Rochester a Amurka ta ƙirƙiro, ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 18916. Ana haɗa abin da za a gwada da wasu 'yan faifai masu saurin nuna lahani, a ajiye su cikin zafi da danshi, a ga ko zai sa hoto ya koɗe ko ya yi tabo. Mai kaya yana iya rubuta cewa takardarsa ba ta da asid, wannan kowa ma yana faɗa. A wurina shaidar gwajin ta fi wannan nauyi.

Sai dai wanda ya ƙera albam ɗin bai san ƙurar hunturu ba. Bakin aljihunan a sama yake, a buɗe, kuma kwalin gefe guda a buɗe yake. Da hazo ya sauka, sai na ga siririn layin ƙura ja a bakin kowane shafi. Ƙurar nan tana da kaifi, in ta shiga tsakanin hoto da leda kana juya shafi tana kartar fuskar hoton. Dole na sa albam ɗin gaba ɗaya cikin akwatin roba mai murfi. Wani abin kuma, aljihunan na hoto mai inci 8 da 10 ne, alhali masu wankin hoto a nan sun fi fitar da 5 da 7. Ƙaramin hoto sai ya riƙa yawo a ciki yana karkacewa. Na sayi 'yan kusurwoyin riƙe hoto da takarda marar asid daban, wani kuɗin ke nan da babu wanda ya gaya mini. In shafukan sun yi yawa kuma suna rinjayar zoben, na ƙasa su lanƙwashe, don haka ba na cika shi.

Babbar matsalar ita ce damina. Masu aikin adana hotuna suna son danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50, in ya zarce 65 ya daɗe a haka, fumfuna ta samu gida. Mu kuwa a lokacin marka ɗaki yakan wuce nan, da hunturu kuma ya faɗo ƙasa da 20 har hotuna su riƙa nannaɗewa. Fuskar hoton da aka wanke tana da wani siririn rufi mai shan ruwa. In ya sha danshi ya kumbura, sai ya manne wa duk abin da ke gabansa, ko da robar kirki ce, ya bar tabo mai sheƙi. Albam ba ya maganin wannan ko kaɗan, kuma ina ganin ya kamata masu sayarwa su riƙa faɗa. Ni abin da ya fisshe ni shi ne silika, 'yan ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake tsinta a kwalin sabon takalmi. Na sayi mai canza launi, daga ruwan lemo zuwa kore in ta ƙoshi, na zuba a akwatin tare da ƙaramar na'urar auna danshi. A watan Agusta sai da na riƙa canza ta a kai a kai. Akwatin kuma na ɗora shi a tsakiyar wadirof, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da bangon da ke jiƙa, ba kuma can sama kusa da kwano ba inda zafi ke taruwa.

Duk wanda na nuna wa kayan nan sai ya kawo maganar laminatin. Wani mai shagon kwamfuta a unguwarmu ya ce mini, "Haba Malam, wannan wahala duk ta mece ce? Kawo in rufe maka su, ko a ruwa suka faɗa ba abin da zai same su." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma na san mun saba yi wa takardun makaranta haka. Amma na'urar tana aiki ne da zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, ta narkar da gam a kan tawadar, kuma ba a ɓarewa. Ranar da iska ta shiga gefe ya fara kumfa, babu yadda za ka ceto hoton. Masu sayen irin waɗannan kaya ma ba sa daraja wanda aka rufe haka. Don Allah kada a yi.

Firem ma ban yarda da shi ga na asali ba. Tawadar maka da ta biro suna koɗewa a haske, gilashi kuma yana manne wa hoto in danshi ya shiga. Waɗanda nake son gani kullum na kai an yi musu sikanin, an wanke kwafi, shi na rataye a falo. Bayanin kowane hoto, wane ne, a ina, wace shekara, da fensir nake rubuta shi a takardar da ke bayansa, ba a jikin hoton ba.

Mai hoto uku ko huɗu ba ya bukatar wannan albam, ya nemi aljihunan PP kaɗai da ambulan mai kyau. Wanda nasa suka kai gommai kuma yana yawan buɗe wa baƙi, zai ga amfanin kuɗinsa, in dai ya lissafa da akwatin roba da silika tun wajen saye. Zan ƙara na biyu saboda hotunan 'yan fim, amma wannan karon mai aljihun inci 5 da 7 zan nema, wanda bakinsa yake ta gefen zobe.