Mostaql ko Upwork: ina mai fassara zai fara?

Wani ɗan'uwa daga Jidda ya tambaya cewa yana da aikinsa na rana, yana jin Hausa da Larabci sosai, Turancinsa kuma daidai gwargwado, yana so ya riƙa karɓar aikin fassara da dare. Mostaql zai shiga ko Upwork, dandalin intanet guda biyu da ke haɗa masu ba da aiki da masu sana'a?

Malam, duba takardarka tukuna. In kai ɗan ƙasar Saudiyya ne, ka nemi wasiƙar amalul hurr, wato takardar aikin kai da ma'aikatar ƙwadago ke bayarwa ta intanet. Kyauta ce, shekara guda take yi a sabunta. In kuwa iƙama gare ka, wato takardar zaman baƙo, wannan takarda ba taka ba ce, kuma sashe na 39 na dokar ƙwadago ya hana baƙo yi wa kowa aiki ban da kafilinsa, ya kuma hana shi yi wa kansa. Mai ce maka ka buɗe asusu da sunan abokinka ɗan ƙasa tasattur yake tura ka, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, hukuncinsa kuwa kan kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Saboda haka bayanin da ke tafe na wanda takardarsa ta ba shi dama ne.

Yadda ake samun aiki a wuraren biyu kusan ɗaya ne: mai aiki ya sa buƙatarsa, masu sana'a su yi tayi, ya zaɓi ɗaya, ya ajiye kuɗin a hannun dandalin kafin a fara. Bambancin yana ga wanda ke sayen aikin.

Mostaql na kamfanin Hsoub ne, masu dandalin ƙananan ayyuka na Khamsat, kuma komai da Larabci ake yi. Masu aikin galibi ƙananan 'yan kasuwa ne da ɗalibai, aiki mafi ƙanƙanta dala 25. Abin da suka fi nema shi ne Larabci zuwa Turanci, da gyaran rubutu, da juya sauti zuwa rubutu. Mai neman Hausa a can sai jefi-jefi. Tayin da sabon shiga zai iya yi a lokaci guda ƙayyadadde ne, kason dandalin kuma kan kai kashi 20 cikin ɗari. Aikin dala 25 ke nan ya koma 20, riyal 75 a kan canjin 3.75, kuma sai kuɗin ya yi kwana 14 a rataye kafin ka iya turawa PayPal.

A Upwork ne Hausarka ke da kasuwa. Kamfanonin fassara, da ƙungiyoyin agaji, da masu tattara murya da rubutu don manhajoji, da Turanci suke sa talla. Sai dai tayi a nan da kuɗi ne: kowane tayi na cin abin da suke kira Connects, guda ɗaya santi 15, kuma aiki ɗaya kan ci da dama. Wanda ya watsa tayi barkatai zai ƙone kuɗinsa bai samu ko amsa ba. Kason da suke cira ya danganta da aikin, bai wuce kashi 15 ba. In aikin jimla ne, wato mai tsayayyen farashi ba na awa ba, mai aiki na da kwana 14 ya duba, in ya yi shiru kuɗin ya fito da kansa, sannan a ƙara riƙe shi kwana 5.

A ganinmu, in Turancinka ya isa ka rubuta tayi na layi biyar babu kuskure, Upwork za ka fara, ka sa Larabci zuwa Hausa a kan gaba, don masu haɗa waɗannan biyun da kyau ba su da yawa. In bai isa ba, ka zauna a Mostaql ka sayar da Larabcinka, Hausa ta zama ƙari.

Inda sababbi ke faɗuwa kuma wuri ɗaya ne ko'ina. Larabci na manne ƙananan kalmomi da lamiri a jikin kalma, "wa bi-kitabihi" kalma guda ce a rubuce, a Hausa kuwa "kuma da littafinsa" uku ce. To ku daidaita tun farko a kan wane rubutu za a ƙirga kalmomi, in na Larabcin ne ka ɗaga farashin kowace kalma. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma akwatuna in salon rubutun mai aiki bai ɗauke su ba, don haka ka haɗa masa da PDF ya ga yadda ya kamata su fito. Sunan da ke asusunka ya zama daidai da na katin shaidarka da na inda za a tura kuɗi, harafi da harafi, domin Mohammed a nan Muhammad a can ya isa ya tsayar da biya.

Sai mai cewa ku koma WhatsApp ya tura maka ta banki don a kauce wa kaso. Dandalin biyu duk sun hana, suna rufe asusu a kai, kuma in ya karɓi fassarar ya kashe waya babu wanda za ka kai wa ƙara.