Shekara guda da sifirin H&R da shok ɗin Bilstein B8 a ƙarƙashin tsohuwar BMW E30

Motata BMW 325i ce ƙirar 1989, wadda masu sha'awar tsofaffin motoci suka fi sani da E30. Injinta mai silinda shida ne a jere, lita 2.5, kuma har yau bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Ƙafafunta ne suka dame ni. In na shiga kwana da ɗan gudu sai ta kwanta gefe kamar kwale-kwale, in na taka birki hancinta ya nutse, in ta hau tudu kuma sai ta yi lilo sau biyu ko uku kafin ta natsu. Ina son motar nan ƙwarai, kuma na san ba haka aka ƙera ta ba.

Kafin in zo kan kayan da nake son yin bayani a kansu, sai na faɗi kuskuren da na fara yi, domin shi ya koya mini darajarsu. Wani bakanike ya ba ni shawarar a yanke zagaye ɗaya da rabi daga kowane sifirin, ya ce motar za ta sauko kuma ta yi tauri. Ta sauko kam. Amma tsohon shok da ya riga ya gaji bai iya riƙe sifirin da ya ƙara tauri ba, sai motar ta koma tsalle-tsalle a kan hanyar da ba ta da ko rami. Ranar da aka ɗaga ta a jak na ga sifirin baya na motsi a mazauninsa, ana iya juya shi da hannu, a ranar na ajiye makullinta. Wata uku ban tuƙa ta ba.

Abin da na saya daga baya shi ne sifirin H&R samfurin Sport guda huɗu, da shok ɗin Bilstein B8 guda huɗu. Duk kamfanonin biyu na Jamus ne. Bilstein na da B6 da B8, kuma mutane da yawa suna rikita su saboda dukansu launin ruwan ɗorawa ne. B6 na motar da ke kan tsayinta na asali ne, B8 kuwa an gajarta shi musamman domin ya yi aiki da gajeren sifirin, ya riƙe shi daram ko da taya ta rataya a iska. Wannan gajartar ita ce maganin abin da ya tsorata ni a kan jak. Akwai kuma wani abu da mai E30 zai duba kafin ya saya: bututun da shok ɗin gaba ke shiga ciki iri biyu ne, mai faɗin milimita 45 da mai 51. Tawa mai 51 ce. Na auna da kaina, domin motar da ta haura shekara 30 ba a san abin da masu ita na baya suka canza mata ba.

Wani dattijon bakanike ne ya ɗaura mini, kuma ya ƙi taɓa sifirin sai da ya bi ƙafafun gaba ɗaya da ƙarfen banƙara. Bushin hannun ƙafar gaba, wato robobin da ke mahaɗinsa da jikin mota, sun tsage, boljoyin guda ɗaya, wato mahaɗin hannun da ɓangaren taya, yana wasa, mazaunin shok na baya, wanda dama sananne ne wajen saurin lalacewa a wannan mota, ya rabu da robarsa. Na ce masa, "Baba, ba za a iya barin waɗannan zuwa wani lokaci ba?" Ya ce, "Ɗana, in ka ɗora sabon sifirin a kan mataccen bushin, bushin ɗin za ka tuƙa." Duk muka canza su. Na kuma lura bai ɗaure notocin da ke ratsa roba ba sai da ya sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, saboda in aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe har ta tsage kafin lokacinta.

Na auna daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi kafin aiki da kuma bayan mako biyu, lokacin da sifirin ya gama zama. Ta sauko kimanin santimita 3 gaba da baya. A ido ba wani abu ba ne mai yawa, wanda bai san motar ba ba zai ma lura ba.

A bayan sitiyari ne bambancin yake. Akwai wata doguwar kwana da na saba bi, wadda a da sai na jira motar ta gama kwanciya kafin in san inda ta dosa. Yanzu ina juya sitiyari take amsawa, ta ɗan jingina kaɗan, ta tsaya a haka har ƙarshen kwanar. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sauya layi da sauri, daga hagu zuwa dama, inda a da bayanta ke yin jifa kamar yana son ya wuce gaba. Wannan jifar ta tafi. Birki ma ya fi daɗin takawa tunda hanci ya daina nutsewa. Tudu kuwa bugu ɗaya take yi ta zauna.

Sai dai ina ganin ana ba saukowar yabon da ba nata ba ne. Gaskiya ne cewa in nauyin mota ya matso kusa da ƙasa, nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana yana raguwa. Amma tsakiyar nauyin mota irin wannan tana wajen rabin mita daga ƙasa, saboda haka santimita 3 ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Mafi yawan abin da hannuna ke ji ya fito ne daga taurin sifirin, da shok mai iskar gas da aka auna domin ya dace da shi, da sababbin bushin. A ra'ayina, da za a raba yabon, shok ɗin ne zai ɗauki kaso mafi tsoka. Ya fi na asali tauri, amma taurinsa ba na duka ba ne, yana haɗiye ƙananan gargada yana barin ka ji hanya ba tare da haƙoranka sun haɗu ba.

Kuma akwai dalilin da ya sa ban nemi ta fi haka sauka ba. Ƙafar gaban E30 irin ta MacPherson ce, mai hannu ɗaya a ƙasa. Muddin hannun nan yana kwance daidai ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya, lafiya lau. In aka saukar da mota har hannun ya koma yana hawa sama zuwa taya, ƙarfin da ke kwantar da ita a kwana ƙaruwa yake yi, taya ta waje ta daina zama sosai a kan ƙasa, tayarod kuma, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya fara jan sitiyari da kansa duk lokacin da aka hau tudu. Motar za ta yi kyau a hoto, amma tuƙinta ya lalace. Da wannan sifirin hannun gabana bai kai can ba, na shiga ƙarƙashi na duba.

To, me na biya a madadin wannan? Abu biyu, kuma duk daga tsarin motar suka fito, duk gajeren sifirin da mutum ya sa zai gamu da su. Na farko tayoyin baya. Ƙafar bayan E30 tana lilo ne a karkace, saboda haka duk saukowa sai saman taya ya ƙara karkata ciki. Ɗan karkatar tana taimakon riƙe hanya a kwana, amma tana cin gefen taya na ciki, kuma masana'anta ba ta bar wurin daidaita wannan ba. A gaba ma alaimen iri ɗaya kawai ake iya yi, wato daidaita fuskar tayoyi ta tayarod. Bayan wata takwas na shafa cikin tayar baya na ji ya fi waje suɗewa. Na sa robar mazaunin sifirin mai kauri a baya, ta ɗaga da 'yan milimita, abin ya ragu amma bai ƙare ba. Mai son ya kawar da shi gaba ɗaya sai ya sa bushin na musamman ko a yi walda a saka madaidaici.

Na biyu ya fi tsanani. Kaskon baƙin mai na wannan inji na alminiyam ne, yana can ƙasa a gaba, shi ne farkon abin da zai gaisa da dutse ko tudun rage gudu. Alminiyam ba ya loɓawa kamar ƙarfe, fashewa yake yi, in ya fashe kuma mai ya tsiyaye cikin ɗan lokaci. Na sa masa farantin ƙarfe na kariya tun makon farko, kuma yanzu akwai ƙarzuna uku a jikin farantin da na san da a kan kaskon za su sauka. Duk wanda zai saukar da E30 ya sa kuɗin farantin nan cikin lissafinsa tun farko. Fitilun gaba ma sai da aka sake saita su.

Mai ɗaukar mutum huɗu da kaya a but kullum, ko wanda hanyarsa ta yau da gobe ramuka ne, ba zan ba shi shawarar wannan haɗin ba. Ya bar sifirinsa na asali, ya sa B6 da sababbin bushin, zai sami mafi yawan natsuwar ba tare da ya rasa tsayi ba. Amma ga wanda ke fita da motar domin jin daɗin tuƙi a kan kwalta mai kyau, H&R Sport da B8 sun dace da juna, kuma bayan shekara guda babu shok ɗin da ya yi yoyo, babu ƙara, tsayin da na auna a mako na biyu shi ne har yau. Abin da ya rage mini yanzu bushin hannun gaba irin na M3, wato samfurin E30 da aka ƙera domin gudu, masu rami a gefe, waɗanda ke sa sitiyari ya fi saurin komawa tsakiya bayan kwana. Suna nan a kwali, sai ranar da za a canza tayoyin baya a haɗa aikin gaba ɗaya.