Fis ɗin amfilifaya: na leda, na kamfani da mai ruwan zinare

Fis ɗin da ake canza wa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a nan Jos kashi uku ne. Akwai marasa suna da ake sayarwa cikin leda a shagunan kayan lantarki na wajen Terminus, akwai na kamfanoni irin su Littelfuse da Bussmann da Schurter, sai masu ruwan zinare da ake yin odarsu daga waje wai don gyara sauti.

Kafin maganar kamfani, a duba rubutun da ke kan hular tsohon fis. In an ga T2AL250V, to T na nufin mai jinkirin tsinkewa, 2A amfiya 2, L kuwa yawanci na gilashi ne. Mai H a madadin L na tangaran ne da yashi a ciki. Girman da aka fi samu shi ne mai kaurin milimita 5 da tsawon milimita 20.

Harafin T ɗin nan ne ke kayar da mutane. Taransifomar amfilifaya, musamman mai zagaye kamar gammo, tana zuƙar wuta ninki-ninki a daidai lokacin kunnawa. Fis mai F, wato mai saurin tsinkewa, ba ya jure wannan, nan take sai ya tsinke. Mai gyara ya ɗauka ƙanƙanta ya yi, ya sa mai amfiya 5, ko ya naɗe tsohon da waya. Daga nan kariya ta ƙare: ranar da matsala ta taso, taransifoma ce za ta ƙone.

Na leda ba abin dogaro ba ne, don ba tabbas abin da aka rubuta a jikinsa shi ne ƙarfinsa. Na kamfani shi muka zaɓa, kuma ba shi da tsada.

Mai ruwan zinare fa? Wasu sun haura dala 100. Amma fis ɗin shigar wuta yana zuwa ne kafin taransifoma da manyan kafasito masu tara wuta, sauti ba ya bi ta cikinsa. Gara a sa kuɗin a sitabilaiza, tunda fis ba ya tare hauhawar wuta idan NEPA ta dawo ko janareta ya rikice.

A zare fulogi kafin a taɓa komai. In gilashin ya yi baƙi ƙirin, kada a sa sabo tukuna, don mai yiwuwa matsalar a cikin amfilifayar take. A fara amfani da mita a auna rektifaya mai juya wutar AC zuwa DC da taransistocin fitar da sauti.