Filastar sanyaya goshi ta yara: tana kwantar da hankali, amma ba ta sauke zazzabi

Iyaye da yawa ba sa son a ce duk lokacin da jikin yaro ya yi ɗumi sai an ɗura masa magani, kuma suna da gaskiya. Wannan ne ya buɗe wa filastar sanyaya goshi kasuwa. Ana sayar da ita a kantunan magani a matsayin hanyar da babu ƙwaya babu sirop, a ɓare kawai a manna. Wadda aka fi sani ita ce ta kamfanin Kobayashi na ƙasar Japan, mai suna Koolfever a wasu ƙasashe, Be Koool a wasu, amma yanzu kamfanoni barkatai suna yin irinta kuma ƙirar kusan ɗaya ce.

Sassa uku gare ta: ƙyalle mai laushi a waje, jel mai ɗauke da ruwa a tsakiya, sai leda siririya da ake ɓarewa kafin a manna. Ta yara takan kai kusan santimita 5 a faɗi da 11 a tsawo. Ruwan da ke cikin jel ɗin ne yake aikin, domin yana bushewa a hankali yana tafiya da zafin fatar da yake kai. Yawanci ana ƙara mentol, wanda ba ya rage zafi ko kaɗan, sai dai ya taɓa jijiyoyin fata masu jin sanyi har ƙwaƙwalwa ta ɗauka wurin ya huce. Akwatin yakan yi alkawarin sanyi na kusan awa 8.

Ta fuskar sauƙi ba ta da makusa. Ba ta jiƙa matashi, ba ta ɗiga a ido kamar jiƙaƙƙen tsumma, ba sai an sa ta a firji ba, kuma yaro ɗan shekara biyar ko shida da kansa ke sara yakan ji daɗinta sosai, ya lafa ya yi barci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da ake nema wajen jinyar zazzabi a gida shi ne yaro ya samu sukuni ya sha ruwa ya huta. Kafin a manna sai a share gumin goshi ya bushe, a kawar da gashi da gira, in ba haka ba gefenta zai ɗago tun kafin yaron ya juya sau biyu. Ta yi girma, a rage ta da almakashi. Ragowar a naɗe bakin ledarsu da kyau, don da iska ta shiga sukan bushe su zama ba amfani. Ana amfani da kowace sau ɗaya, kuma ba a sa ta a injin daskarewa, domin jel ɗin yakan lalace.

Inda ta gaza shi ne abin da yawancin masu saye suke sayen ta dominsa. Zazzabi ba zafin fata ba ne. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, wani sashe a ƙwaƙwalwa da ke daidaita ɗumin jiki yakan ɗaga ma'auninsa da gangan, daga wajen digiri 37 zuwa 38, 39 ko sama. Shi ya sa yaro ke rawar sanyi alhali jikinsa rau, jikin ne ke ƙoƙarin kai wa sabon ma'aunin. Farasitamol da ibuprofen can suke aiki, suna maido da ma'aunin ƙasa. Filasta kuwa a fata ta tsaya.

Ko lissafi ma bai goyi bayanta ba. Fatar yaro mai kilo 10 ta kai kusan rabin murabba'in mita, filastar kuma abin da take rufewa kusan kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari. A ce akwai giram 10 na ruwa a cikinta kuma duka ya bushe. Kowane giram yakan tafi da zafi kusan jul 2,400 (jul ma'auni ne na yawan zafi), jimla jul 24,000 ke nan cikin awa 8. Jikin wannan yaron, yana kwance ba ya komai, yakan samar da wajen jul 100,000 a kowace awa guda. Abin da filastar ta cire a dare ɗaya, jikin ya mayar da shi cikin kusan kwata na awa.

Daga nan ne kuskure mafi yawa ke faruwa. A cire filasta, a ɗora hannu ko a haska ma'aunin goshi a daidai wurin, a ga ya nuna 36.5, a ce alhamdulillahi ya sauka. Bai sauka ba, wurin da aka sanyaya aka auna. Duk wanda zai yi amfani da filastar nan ya mallaki ma'aunin zafi na lantarki, ya sa shi cikin hammata busasshiya, ya matse hannun yaron a jikinsa har ma'aunin ya yi ƙara. Digiri 38 zuwa sama zazzabi ne.

Ga jarirai kuwa ba na ba da shawarar a saye ta sam, ko da an rubuta "ta jarirai" a akwatin. Idan gumi ya jiƙa ta takan zame, kuma daga goshi zuwa hanci da baki tafiyar ba nisa, jariri kuma ba shi da hannun da zai cire. A 2004 hukumar kula da koke-koken masu sayayya ta Japan ta fitar da gargaɗi bayan irin wannan filasta ta toshe wa jariri ɗan wata huɗu hanci da baki, ya samu mummunar illa a ƙwaƙwalwa. Ko ga yaron da ya fara tafiya, kada a manna masa a fita a bar shi, don yakan ɓare ya kai baki. Ba a sa ta a kan ƙuraje, ƙuna ko rauni, ko kusa da ido, kuma in fatar ta yi ja ko ta fara ƙaiƙayi a cire.

Abin da ya fi damuna da ita shi ne yadda take sa babba ya ji kamar an yi magani, a ƙara kwana ana jira. Akwai zazzabin da ba a jira da shi. Jaririn da bai kai wata uku ba in ya kai digiri 38, asibiti ne nan take, ko da yana shan nono lafiya. Ɗan wata uku zuwa shida in ya kai 39, likita ya gan shi a ranar. Ko nawa ne shekarunsa kuma, yaron da ya kasa sha ko tsotso, ko yake amayar da komai, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar, ko wuyansa ya sanƙare, ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya fito da ɗigo-ɗigon da ba sa dishewa in an danna su da gefen kofin gilashi, ba na gida ba ne. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif yana natse: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu, balle in ƙasan ƙirji na lotsawa ciki. A duk inda ake da zazzabin cizon sauro, ko in an dawo daga irin wurin, a yi gwajin jini a ranar da zazzabin ya fara. Gwajin gaggawa minti 15 zuwa 20 ne, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Zazzabin da ya kai kwana biyar shi ma sai an bincika.

Mai neman hanyar da ba magani yana da abubuwan da suka fi filasta amfani. Ruwa ne kan gaba: nono a kai a kai ga mai shan nono, kurɓi kaɗan-kaɗan ga babba. In da gudawa, a narka fakitin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya, a ba ɗan ƙasa da shekara biyu mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wanda ya fi haka 100 zuwa 200. Riga ɗaya mara nauyi ta isa, kada a tuɓe shi tsirara kuma kada a lulluɓe shi don ya yi gumi. Wanka da ruwan sanyi ko ƙanƙara yana sa jijiyoyin fata su tsuke, yaro ya hau makyarkyata, zafin ciki ya ƙaru. Goge jiki da sinadarin sifirit haɗari ne, fata na tsotsarsa kuma yaro na shaƙarsa. Man shafawa mai kafur kan jawo jijjiga in ƙaramin yaro ya haɗiye shi. Zuma tana sassauta tari da dare, amma ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan shanye wa jariri jiki. Jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba sukan wahalar da hanta da ƙodar yaron da dama ruwan jikinsa ya ragu.

Idan yaron yana wasa yana sha, ba dole ba ne a sauke zazzabin. Idan yana kuka ya kasa barci, farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsa, duk awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. A duba ƙarfin kwalbar: mililita 5 na sirop mai miligiram 120 a kowace mililita 5 ya dace da yaro mai kilo 10, amma mililita 5 na mai miligiram 250 ya ninka haka har da ɗoriya. A auna da sirinji, ba cokalin cin abinci ba, kuma a karanta jikin maganin mura, don da yawansu akwai farasitamol a ciki. Ba a ba da ibuprofen ga mai ƙarambau ko wanda ruwan jikinsa ya ƙare, asfirin kuma ba na wanda bai kai shekara 16 ba ne.

Wasu suna manna filastar ne don tsoron jijjiga, wadda kan kama yara tsakanin wata shida da shekara biyar. Filasta ba ta hana ta, farasitamol ma ba ya hanawa. In ta zo, a kwantar da yaron a gefensa a wuri mai laushi, a cire filastar daga fuskarsa, kada a cusa masa cokali ko yatsa ko ruwa a baki, a duba agogo. Ta wuce minti biyar, a nemi agajin gaggawa, in kuma ita ce ta farko, likita ya duba shi ko da ta tsaya da kanta.