Gyaran tsohon zobe ko gina sabo a Stellaris: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce a wasan Stellaris, inda kake mulkin daula a sararin samaniya, jirgin bincikenka ya ci karo da kangon wani zobe, wato ƙaton gini da ya kewaye tauraro wanda jama'a ke zama a kansa, kana tambaya ko ka zuba dukiya ka gyara shi, ko ka haƙura har ka kai ga gina naka sabo. Ni dai gyaran nake ba ka shawara, amma da sharaɗi guda da zan zo kansa.

Mu fara da abin da kowanne yake nema a wurinka. Tun da kamfanin Paradox ya shigo da manyan gine-ginen sama a ƙarin Utopia a 2017, shekara guda bayan fitowar wasan, gina sabon zobe hanya ce mai tsawo. Sai ka mallaki fasahar Mega-Engineering, sannan ka sadaukar da gurbi ɗaya cikin guraben fifiko takwas na daularka ga Galactic Wonders, fifikon da ke buɗe hanyar gina zobe da ƙwallon Dyson. Bayan nan ka kafa wurin aiki, ka ɗaura ƙwarangwal ɗin zoben, kafin ka fara gina sassa huɗun da ake zama a kai, ɗaya bayan ɗaya. Matakai biyun farko suna cinye gaurayen ƙarfe da shekaru ba tare da sun ba ka ko gida ɗaya ba. Shi kuwa kango, Mega-Engineering kaɗai yake buƙata. Gurbinka yana nan, ƙwarangwal kuma magabata sun riga sun ɗaura maka. Sashe ɗaya za ka zaɓa ka gyara, kana gamawa ka tura jirgin 'yan ƙaura. Ƙari a kan haka, kasancewar kangon a cikin iyakarka yana sa fasahar ta fi saurin fitowa a jerin bincikenka, don haka ka kafa tasha a wurin tun yau, ko da gyaran sai nan gaba.

Inda sabon gini ya yi zarra shi ne wuri. Kai za ka zaɓi tauraron, a can tsakiyar ƙasarka, bayan tashoshin tsaro. Sai dai ginin yana haɗiye duniyoyin da ke kewaya tauraron gaba ɗaya, har da ma'adinan da kake haƙa a kansu, shi ya sa ake nemar masa tauraron da ba shi da wani abin kirki. Kango yana inda tarihi ya yar da shi. Idan ya faɗo a bakin iyaka kusa da maƙwabci mai son yaƙi, to ka san duk wanda ka zaunar a can ka ajiye shi ne a gaban bindiga, kuma kuɗin tsaron zai iya cinye rangwamen da ka samu.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa, wanda ni yana taɓa ni. Idan zobenka na Cybrex ne, injinan nan da suka yaƙi duk mai rai, daga baya suka yi nadama suka janye zuwa zobensu har aka zo aka rusa su, to gyaransa shi ne ƙarshen labarin da ka yi ta tono a duniyoyi daban-daban. Ka matso da kyamara ka ga sassan da suka tsage, tarkace na shawagi a tsakaninsu, sannan ka dawo bayan gyara ka tarar da ƙasa kore da teku a cikin lanƙwasar ƙarfen. Girman abin ma ya isa a tsaya a kai: duniyarmu tana nesa da rana da kimanin kilomita miliyan 150, zobe a wannan tazara zai kai kewayen kilomita miliyan 940. Sabon zobe yana da wannan girman, amma ba wanda ya taɓa mutuwa a kansa.

Yanzu sharaɗin. Da zarar an gama, tsoho da sabo aikinsu ɗaya: kowane jinsi yana jin daɗin zama a kai ɗari bisa ɗari, gundumominsa manya ne, sun dace da bincike da noma da kasuwanci, amma ba a haƙar ma'adini a kai. Kuma zobe ba ya haifar da komai da kansa. Wannan ne ya raba shi da ƙwallon Dyson, ginin da ke lulluɓe tauraro, wanda yake zubo makamashi ba tare da ma'aikaci ko ɗaya ba. Zobe fili ne mai jiran jama'a, gundumominsa kuma suna cin albarkatu masu wuyar samu kowane wata. Idan duniyoyinka na yanzu ma akwai guraben aiki da ba kowa, gyaran sassa huɗu a jere asara ce, gara ƙarfen ya tafi jiragen yaƙi.

Don haka ka gyara sashe ɗaya, ka mai da shi na bincike, ka kwaso marasa aikin yi daga duniyoyin da suka cika ka zuba a can. Kada ka taɓa na biyu sai ka ga na farkon ya fara cika. Gurbin Galactic Wonders kuwa, idan ka ɗauke shi daga baya, ƙwallon Dyson ya kamata ka fara ginawa da shi, tunda zobe kana da shi.