Fitilun keke masu caji: yadda na same su a titunan Jidda

Da zafin Jidda ya sa na koma hawan keke bayan sallar Isha'i, sai na sayi fitilu biyu masu caji da USB: fara ta gaba mai lumen 400 (ma'aunin ƙarfin haske), da ja ta baya. Hasken ta gaban ya wadatar a lungunan unguwa, muddin an ɗan sunkuyar da ita don kada ta kashe wa direbobi ido. A ganina ta bayan ta fi amfani, domin ƙyaftawarta ce ke sa mai mota ya hango ni tun daga nesa. Sai dai rana ta tsattsaga robar ɗaurinta, kuma tunda batirin litiyam ba ya jure zafi, nakan cire su in shiga da su ɗaki.